Almajiran Kyandir

Tun da wayar hannu ta sa ana shiga kasuwar hannayen jari daga kan tabarma, makarantar koyon karanta zanen farashi ta cika maƙil. Ba hedimasta, ba ƙararrawa. Kayan karatu kuwa sun yi wa masu karatu yawa: littattafai, bidiyon YouTube, asusun gwaji na kyauta. Ɗaliban su ne abin kallo.

Akwai Ma'ajin Littattafai. Wayarsa ta cika har ba ta karɓar hoto. Yana da na John Murphy, yana da na Steve Nison da ya yaɗa zanen kyandir na Japan a ƙasashen Turawa a 1991, har da na Benjamin Graham na 1949, wanda ba ruwansa da zane-zane, tantance darajar kamfani yake koyarwa. Tambaye shi abin da ke ciki, sai ya ce, "Bari in turo maka." Bai taɓa wuce gabatarwa ba.

Sarkin Zane kuwa ya yi karatu, har karatun ya fi ƙarfinsa. Ya san kowane kyandir abu huɗu yake faɗa: farashin da aka buɗe da shi, wanda aka rufe da shi, mafi tsada da mafi araha. Kore in an tashi da hauhawa, ja in an tashi da faɗuwa. Zai ba ka tarihin cewa abin ya samo asali daga fataken shinkafa na Japan a ƙarni na 18, ana jingina shi ga Munehisa Homma. Ya san ma'aunin RSI da Welles Wilder ya fitar a 1978: in ya haura 70 an yi wa haja rububi, in ya sauka ƙasa da 30 an yi mata ƙaura. Duk gaskiya ne. Amma bawan Allah ya ɗora wannan, ya ɗora matsakaicin farashin kwana 50 da na kwana 200, ya ja layukan Fibonacci, ya ƙara da nasa, har allon ya koma kamar saƙar gizo-gizo, farashin ma sai an lalubo shi. Ma'auni uku na cewa saya, biyu na cewa sayar, shi kuwa ya yi tagumi. Sai kasuwa ta tashi ya nuna maka da yatsa daidai inda ya kamata a shiga. Jiya ba ta taɓa kayar da shi ba, da gobe ne ba sa ga maciji.

Attajirin Gwaji ya ninka kuɗin bogi sau uku, har ya fara tambayar farashin fili. Ranar da ya zuba dubu ashirin na gumi, kyandir ɗaya ja ya hana shi cin tuwon dare.

Sai Ɗan Sigina, wanda ya ce shi ba shi da lokacin karatu. Duk wata yana biyan kuɗin zaure a Telegram, aikinsa ɗaya: "Oga, mu shiga ko mu jira?" In an ci, hikimar Oga ce. In an faɗi, "Ai ba ka sa iyakar asara ba." Da yawa daga cikin irinsa tsofaffin ɗaliban MMM ne da ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, wasu kuma CBEX ce ta yaye su a Afrilun 2025. Shi Ogan, in ka bincika, watan jiya ya gama kallon bidiyon da yau yake sayarwa a matsayin kwas, ga hotonsa jingine da motar da ba a taɓa ganinsa a cikinta ba. Abin da ba ya faɗa wa ɗalibai shi ne, mallakar hannun jari daban, cacar hawa da saukar farashi da kuɗin aro daban. A 2018 hukumar kula da kasuwannin jari ta Tarayyar Turai ta ce kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi. Ni dai in mutum ya iya kamun kuɗi a kasuwa haka, ban ga abin da zai sa ya matsa wa dubu biyar ɗina ba.

Mai Neman Fatawa tambayarsa mai kyau ce, lokacinta ne abin dariya. Muddin ana riba shiru kake ji. Ranar da aka tafka asara sai ga shi gaban malam: "Allah gafarta Malam, wai halal ne kuwa?" Alhali tun 2012 kasuwar Legas take da jerin Lotus na kamfanonin da aka tace bisa Shari'a, babu bankunan ruwa, babu masu giya.

Wanda na fi jin daɗin hira da shi shi ne Alhajin 2008. Ya sayi hannun jarin bankuna lokacin da kowa ke saye, wani ma da bashin banki. Ma'aunin kasuwar ya kai wajen maki 66,000 a Maris ɗin 2008, cikin shekara guda ya dawo wajen 20,000. Takardun suna nan cikin adaka, an naɗe su da leda, ribar shekara-shekara ma bai cike fom ɗin karɓa ba. Nuna masa kyandir a waya, sai ya gyara hula ya ce, "Ɗana, je Dawanau ka sayi masara da kaka, ka sayar da bazara. Ita ko ta faɗi, ka ci tuwo."

Mai karatu, ko a wane aji ka tsinci kanka, kafin ka tura wa kowa ko kwabo, duba sunan dillalin a rajistar SEC, hukumar kula da kasuwar jari, ka kuma tabbata an buɗe maka asusun ajiyar hannun jari na CSCS da sunanka.