Farillan Mota da Sunnoninta

Tun a shekarar 1975, ina ɗan firamare, sa'ad da aka fara harhaɗa Fijo 504 a Kakuri ta Kaduna, kuɗin Udoji kuma suka sauko wa ma'aikata har akawu ya shiga sahun masu mota, na ƙulla niyyar cewa ba zan bar duniya ba sai na mallaki mota sabuwa dal, wadda babu mahalukin da ya taɓa zama a kujerarta kafin ni. Amma da yake kana naka ne Allah yana nasa, sai da furfura ta game kaina, na ajiye aikin koyarwa, aka biya ni haƙƙin sallama, na kuma sayar da wata 'yar gona da na gada wajen Bomo, sa'an nan wannan niyya ta sami ƙafar tsayawa. Kafin nan kuwa zamani ya juya, domin an janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, dala kuma, wadda ba ta kai naira 500 a farashin hukuma ba, ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo, har ya zamana abin da ya rage wa irina shi ne 'yan motocin nan ƙirar Indiya da Koriya, masu fulogi uku da yankakken baya, waɗanda but ɗinsu da kujerar fasinja ɗaki guda ne.

Ɗana ne ya nuna mini tallar wata daga cikinsu a wayarsa, ja wur, tana walƙiya, an rubuta kuɗinta da manyan lambobi waɗanda suka yi daidai da abin da ke hannuna, kamar an leƙa aljihuna aka rubuta. Na ɗauki aminina, wani malamin zaure a unguwarmu ta Samaru wanda ya yi nisa a fiƙihun Malikiyya, don ya zama shaida, muka nufi wurin wani dillali tsakanin PZ da kasuwar Sabon Gari, wanda sana'arsa ta asali motocin kwatano ce, amma ya ajiye sabuwa guda ɗaya a ƙarƙashin rumfa, yana goge ta safe da yamma.

Ya zaunar da ni a ciki, ya kunna esi, ya danna wani maɓalli gilashi ya sauka da kansa, ya sa giyar baya sai ga hoton abin da ke bayanmu ya bayyana a wani ɗan allo; ni kuwa da na ga haka sai na ce masa, "Samari, kawo takarda, ciniki ya faɗa." Ya yi murmushi irin na wanda ya saba jin wannan magana, ya ce, "Baba, ai wannan ta sama ce. Hawa uku gare ta. Kuɗin da ka gani na ta ƙasa ne." Na tambaye shi bambancinsu, ya shiga lissafi da yatsu: ta tsakiya tana da esi da rediyo da gilashin gaba mai sauka da kansa, ta sama ta ƙara da wili na alminiyam da allon nan da makulli mai buɗe ƙofa daga nesa, ta ƙasa kuwa, da ya zo kanta, sai ya dubi sama ya ce, "Tana tafiya."

Nan fa aminina ya gyara zama, domin mas'ala ta zo fagensa. Ya ce abin a sarari yake, kayan mota sun kasu kamar yadda ayyukan salla suka kasu: inji da taya da sitiyari da birki farillai ne, in babu ɗaya mota ta ɓaci, esi da rediyo sunnoni ne, barinsu naƙasa ce amma tafiya ta inganta, wilin alminiyam mustahabbi ne, allon kallon baya kuwa, ga mutumin da Allah ya hore wa wuya mai juyawa, ya fi kusa da israfi. Wannan fatawa ta yi mini daɗi ƙwarai, musamman da na ji tazarar da ke tsakanin ta ƙasa da ta tsakiya ta kai kuɗin babur sabo, na ce a ba ni farillai zalla. Sai dillali ya ce ai ita ba a ajiye ta, sai an aiko da ita daga Legas. Aminina ya ɗaga yatsa ya ce sayen abin da ba a gani ba yana da shubuhar garari, ɗan'uwan sayar da kifi a cikin ruwa ne, sai fa in an siffanta shi siffa cikakkiya; dillali ya rantse cewa siffarta ita ce ta wannan, illa abin da aka cire, na kuwa ba da kafin alƙalami.

Ranar da ta iso na fahimci hikimar masu ƙira, domin allon gaban direba iri guda suke zubawa ga dukan hawa ukun saboda sauƙin aiki, duk inda kuwa maɓalli ya kamata ya zauna a ta sama, a tawa sai su toshe gurbin da baƙar roba, don mai ita ya riƙa tuna matsayinsa kullum safiya. Inda rediyo take an bar rami. Madubin gefe na wajen direba ne kaɗai. Shimfiɗar ƙafa kuɗinta daban, harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari ashe bai shiga lambobin tallar ba, ga kuɗin kawowa, ga na lamba, ga inshorar da aka mai da naira 15,000 tun farkon 2023, ga la'ada. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne ledar da ke lulluɓe da kujeru, wadda ita ce hujjata a gaban jama'a cewa motar nan ba ta taɓa ganin Kwatano ba.

Uwargida da mahaifiyarta sun zo rakiyar ɗauko ta, kuma bisa shawarar surukar tawa muka sayi rago don sadakar godiya, aka ɗaga ƙofar baya aka cusa shi. Watan Afrilu ne, rana tsaka. Kafin mu kai Kwangila motar ta ɗauki zafi, uwargida tana murɗa hannun gilashi tana cewa, "Malam, ina sanyin da ka ce?" ina amsa mata da cewa ƙana'a taska ce, a ƙarƙashin gada kuma wasu mata biyu suka tsai da ni suna tambaya ko Shika za ni, nawa ne kuɗin mutum. Rago kuwa, da ya tarar babu shamaki tsakaninsa da mutane, sai ya ɗora haɓarsa a kafaɗar surukata, ya yi atishawa, sa'an nan ya dubi ledar kujera ya ga ta yi masa, ya fara ci daga sama. Na so in ga abin da ke faruwa ta madubin tsakiya, ban ga komai ba sai ƙaho. Na juya wuyan nan da aminina ya yaba, motar ta sauka daga kwalta daidai Palladan, ta tsaya cikin tulin lemon wani mai talla, wanda ya sayar mini da abin da na taka a farashin da shi ma, ina zato, hawansa na sama ne. Muka isa Samaru da rabin leda.

Bayan wannan uwargida ta yanke hukuncin cewa esi a ƙasar Zazzau ya tashi daga sunna ya koma wajibi, aminina ma ya ce lalura tana sauya fatawa. Na shiga zarya wurin masu wayarin mota a Sabon Gari, aka sa rediyo, aka ɗaura madubi na biyu wanda launinsa ya saɓa wa na farko, aka dasa esi na wata tsohuwar mota, wanda in an kunna shi injin yakan yi nishi ya ƙi hawa gadar Kwangila sai an kashe. Da ɗana ya tara kuɗin duka, wai ya zarce na ta tsakiya, amma ni ban yarda da lissafin yaran zamani ba. Sai dai tun da aka taɓa wayoyin, duk sa'ad da na sa sigina ta hagu, oda takan yi ƙara da kanta, har 'yan acaɓan bakin babbar ƙofar jami'a suka san ni, suna ɗaga mini hannu.

Na koma wurin dillali da takardar garanti a hannu. Ya buɗe gaban motar, ya dubi wayoyin da aka yanka aka ɗaure da salatif, ya ce, "Baba, ai garanti ya warware tun ranar da aka sa almakashi." Ya ce amma saboda girmana zai karɓe ta a matsayin ta hannu, in cika kuɗi ya aiko mini da ta tsakiya. Na tambaye shi ko a farashin da ya faɗa mini kwanakin baya. Ya ciro wayarsa ya ce in dakata tukuna ya duba yadda dala ta kwana.