Lasifikar da Ba Ta Iya Kara Ba

Ɗan yayata ne ya jawo mini. Yana aikin haɗa sauti a wani situdiyo da ke titin Gidan Zoo a Kano, na biya mu gaisa, ya zaunar da ni gaban wasu ƙananan lasifikoki biyu ya saki kiɗa. Wallahi sai da na waiwaya neman mai kalangun. Na ce irin wannan nake so a falona. Ya ce, "Kawu, wannan fa ta aiki ce, ba ta shaƙatawa ba." Na ce shi yaro ne, bai san shaƙatawar manya ba.

Ya yi mini karatu kafin in tafi kasuwa. Irin waɗannan kowace da amfilifayarta a cikinta. Akwai KRK Rokit mai rawayar fuska, da Yamaha HS5 mai fara, wadda ta gaji kamannin tsohuwar NS-10 ta 1978, da JBL 305P baƙa wuluk. Ya ce ɗaki ƙarami, lasifika mai inci 5 ta ishe shi. Ni mai inci 8 raina ya so, aljihu ya raba gardama. Ba zan faɗi wadda na ɗauka ba, kada a ce an biya ni kuɗin talla.

Mun sha ciniki da mai shago. Na taya, ya ce albarka, na juya zan tafi, ya kirawo ni, ya sallama. Ina ta yaba wa kaina, sai yaronsa ya dire mini kwali ɗaya. Na ce ina 'yar uwarta? Ya ce, "Alhaji, ai kuɗin guda ka biya. Ɗai-ɗai ake sayar da su." Wane ne ya taɓa sayen takalmi ƙafa ɗaya? Na ƙirga masa wani kuɗin, ya haɗa ni da addu'ar Allah ya sa a kashe lafiya.

A gida uwargida ta zazzage kwalayen tana neman rimot. Babu. Bluetooth babu, wurin sa memori babu. Kowace da filoginta, kowace kuma da maɓallin ƙara murya a bayanta, sai ka zagaya ka murɗa wannan, ka murɗa waccan, ka dawo ka ji ko sun daidaita. Ta ce, "Maigida, anya ba su cire wasu kayan ba?" Na kira ɗan yayata, ya ce haka suke zuwa, sai na sayo ɗan akwatin da ke shiga tsakaninsu da kwamfuta, irin jan nan Scarlett na Focusrite. Na ce a'a, ni ma na san kan waya. Na sayo igiya mai araha a bakin titi na jona.

Ina kunnawa suka fara ƙugi. Ba a sa kiɗa ba, ba a sa komai ba, ƙugi kawai ƙasa-ƙasa. Uwargida ta kashe firij, yara suka leƙa janareton maƙwabta. Ƙanwarta da ke zaune da mu ta fara karanta Falaƙi da Nasi a hankali, wai kayan kasuwa ba a san inda suka kwana ba. In na zare cajar kwamfuta ya lafa, in na mayar ya dawo. Da ɗan yayata ya zo ya ce wutar gida ce ke kutsawa cikin sauti, ita ce mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa muryar ba ta canzawa. Maganinta igiya mai haƙora uku, XLR ko TRS. Wayoyi biyu na cikinta suna ɗauke da sauti guda, ɗaya a kife, duk hayaniyar da suka kwaso a hanya in sun isa sai ta kashe kanta. Ya tattara filogan duka ya sa a soket guda. An sayo jan akwatin, ƙugi ya tafi. Ƙanwar matata har yau ta ce addu'arta ce.

Sai rigimar wurin ajiya. Na dawo daga masallaci na tarar an ɗora su kan kabad a kusurwa, manne da bango, an lulluɓe kowace da ƙyallen saƙa, an dasa furen roba a kai. Alhali ramin da iskar bes ke fita a baya yake, yana son tazara daga bango, kusurwa kuma kumbura bes take yi har magana ta dagule. Ƙa'ida ita ce nisan da ke tsakanin lasifikokin biyu ya yi daidai da nisan kowace zuwa kanka, ƙaramin idon lasifikar na sama ya saitu da kunne. Na ɗauko tef ɗin tela na auna. Wurin da ya fito shi ne tsakiyar falo, daidai hanyar kicin, kuma mutum ɗaya yake ɗauka. Na kafa kujerata a nan, masu kai tuwo su zagaya.

Tayil da bangon siminti suna maido da amo, don haka na rataye dardumai biyu na jingina katifar baƙi a bango. Surukata ta shigo ta duba, ta ja 'yarta gefe ta tambaye ta ko mai gidan haya ne ya ba mu notis.

Ranar gwaji na tara iyali na saki waƙoƙin da na tara a memori daga wurin masu turi. Ashe yawancinsu an matse su, an tura daga waya zuwa waya har sun ƙanjame. Tsohuwar lasifikarmu takan rufa musu asiri da duma, waɗannan kuwa ba su san kara ba. Tsofaffin waƙoƙin Shata da aka kwafo daga kaset, har shuuu ɗin kaset ɗin sai da suka kawo mini. Na sa tafsiri, na ji tarin wani bawan Allah a sahun baya. Autana ya ce, "Baba, ta Bluetooth ɗin Yaya ta fi wannan." Na ce kunnensa bai nuna ba.

Yanzu ɗan yayata ya ce abin da ya rage sabwufa, don mai inci 5 ba ta kaiwa can ƙasan bes. Ita ma kuɗinta daban, filoginta daban. Ban gaya wa uwargida ba tukuna, kai kuma mai karatu in kun san juna, don Allah ka kama bakinka.