Kartar Baba Ba Caca Ba Ce

A wani shagon buga takardu a Ƙaraye akwai wata kwamfuta mai ƙeya, 'yar gwanjo, wadda in an kunna ta sai an je an sha koko an dawo kafin ta farka. Windows XP ce a cikinta, haihuwar 2001. Kamfanin Microsoft ya yi mata sutura tun 2014, amma har yau labarin rasuwar bai iso shagon ba.

Mai shagon dattijo ne da ba ya ƙaunar ganin karta. Ya hango samari sun baje ta a gindin darbejiya, sai ya yi ta salati yana cewa zamani ya lalace. Daga nan ya koma ciki, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya haɗe rai.

"Baba, ga takardata a buga min."

"Ɗana, sai bayan La'asar. Ka ga aiki ya sha kaina."

Na leƙa aikin. Jan bakwai ake nema wa baƙin takwas. Solitaire ke nan, kartar da aka saka cikin Windows a 1990 don mutane su koyi jan maus. Baba ya shekara ashirin yana wannan karatu, bai sauke ba. Na ce ai wannan ma karta ce. Ya ce caca sai da mutum biyu, shi kuwa shi kaɗai ne.

In kartar ta ƙi ci sai ya koma Zuma, wasan 2003. Kada sunan ya ruɗe ka, ko ɗigon zuma babu, wani kwaɗo ne ke tofo ƙwallaye masu launi. Ni ma, in faɗi gaskiya, kwaɗon nan ya taɓa sa na ci tuwona da sanyi. Ba ya neman data, ba ruwansa da sabis, kuma tsohuwar na'ura ba ta yi masa gardama.

A Rogo kuma na ga dillalin rake yana yi wa ɗansa faɗan latse-latsen waya, alhali babban yatsansa na kora maciji a Nokia 3310 da ya riƙe tun tana amarya. Tetris kaɗai ne bai yi kasuwa ba a can. Wani Barashe, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙiro shi a Mosko a 1984, amma ɗan kamashon da ke cusa fasinja shida, buhun masara uku da akuya a ƙaramar mota zuwa Kano ba ya buƙatar darasi daga Rasha.

Bayan La'asar na koma karɓar takardata. Saura kati biyu Baba ya gama, aka ɗauke wuta. Ya dafe kai, ya dube ni ido jawur, ya ce, "Ka gani ko? Sun ɓata wa jama'a aiki."