Masu Neman Bashin Alafia a Zangon Kwatano

Tun da gwamnatin Patrice Talon ta ƙaddamar da bashin Alafia a 2020, wanda a farkonsa jika talatin zuwa hamsin ne na sefa da ke faɗowa cikin wayar mai ƙaramin jari, Zango ta fitar da halayen 'ya'yanta fili.

Mai sammako zuwa ofishin neman bashin shi ne Ɗan Ƙasa Uku. A Maraɗi aka yanke masa cibiya, a Kano ya yi aure, a kasuwar Dantokpa ya shekara ashirin yana sayar da albasa. Lokacin rajistar jama'a ta RAVIP a 2017 ya ce aikin masu neman ƙuri'a ne, ya tafi fatauci. Yau ga shi da leda cike da takardu, wata ta ce Aboubakar, wata Abubakar, wata Boukari, kowacce da tata shekarar haihuwar. Ma'aikaciya ta ce lambar shaida ta NPI kawai take so. Ya ce, "Madam, ki tambayi liman, kowa ya san ni." Gaskiya ne kuwa, kowa ya san shi, ban da kwamfutar hukumar rajista ta ANIP.

Sai Alhaji Ba-Komai, mai shago biyu, wanda ya zo da tsohuwar riga da silifa mai igiyar waya. Ya manta bai cire agogon Makka ba.

Hajiya Kuɗin-Gwamnati ta fi kowa ban tsoro. A wurinta bashi shi ne wanda maƙwabciya ta ba ka. Na hukuma rabo ne. Tun zamanin Yayi Boni, da aka fara bai wa mata jika talatin a 2007, take kan wannan fatawa. Matsalar ita ce a ƙungiya ake karɓa, kowa lamunin ɗan'uwansa ne. Jarin ƙosai ya tafi ankon biki, ranar biya kuma ta tafi gaisuwar mutuwa Parakou, ta bar ƙawayenta suna haɗa mata kuɗi suna Allah-ya-isa.

Akwai Na-San-Wani, da ke zaune bakin masallaci da biro a aljihu. Bai taɓa aiki a ofishi ba, amma ya san "mutanen sama", kuma sunanka zai fito idan ka ba da na zemijan, wato kuɗin hawa babur. Na zemijan ɗin ya isa a kai mutum Porto-Novo a dawo.

Ni wadda ta fi ba ni tausayi Inna ce mai koko, wadda don irinta aka yi shirin. Layin wayarta da sunan ɗanta yake, shi ne kuma ya san lambar sirrin asusun kuɗinta na waya, MoMo. Kullum sai ta tambaye shi, "Auta, saƙon ya shigo?" Shi kuwa, cikin sabon takalmi, ya ce, "Inna, kin san aikin gwamnati, sai haƙuri."