A Bata Ba a Rasa Likita

Mu mutanen Bata a Kano ba ma barin mutum ya yi ciwo shi kaɗai. Ka kuskura ka dafe goshi a teburin mai shayi, kafin kofinka ya huce likitoci sun kewaye ka. Ɗan adaidaita zai ce maleriya ce. Tela zai leƙa idonka ya ce ina, wannan jan da ya yi ai taifot ce. Baba mai gyaran agogo kuwa duk ciwon duniya a wurinsa basir ne, in abin ya yi tsamari ya ce shawara. Mai shayi ke yanke hukunci yana fifita gawayi: "Alhaji, duka biyun ne suka haɗu maka. Aiki yaro kemis a yo maka haɗi."

Haɗi ba sai an yi wa kowa bayaninsa ba. Ka ce na ɗari biyar, mai kemis ya dubi kuɗin maimakon ya dube ka, ya ɓallo biyu a wannan kati, uku a wancan, ya jefa kafso ja-da-baƙi da wata 'yar farar ƙwaya, ya ƙulle a leda. Ba suna, ba takarda, sai "safe, rana, dare". Kwana biyu ka ji dama-dama, sauran su koma kan firiji su jira ranar da uwargida ko yaro zai tashi da zafin jiki. Gudawa, Flagyl. Mura, Ampiclox. Mai jego ma ana ɗiga wa jaririnta wai don wanke ciki, kajin Hajiya na bayan gida su ma ana farke musu kafso ja-da-yalo a ruwan sha.

Ba abin mamaki ba ne, a bakin kasuwar magani muka tashi. Shekara da shekaru daga Sabon Gari da Malam Kato da Titin Neja ake lodin kwalaye zuwa garuruwan Arewa har a tsallaka iyaka. Sai a Fabrairun 2024, bayan kotu ta yanke hukunci, NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna suka garƙame shaguna sama da dubu, aka ce masu sari su koma sabuwar kasuwa ta Dangwauro a hanyar Zariya. Manyan kwalaye sun tashi, amma mai faranti a ka yana nan yana zaga ƙarƙashin gada da tsakar rana, kafso na gasuwa.

Akwai wani yaronmu ɗan Fagge da ke aikin awon jini, shi ke ɓata mana wannan shagali duk ranar da ya zauna. Baba ya taɓa ce masa magungunan yanzu ba su da ƙarfi, ko kuma jikinmu ne ya saba da su.

"Baba, ba jikinku ne ya saba ba," in ji shi, "ƙwayar cutar ce ta saba."

Ya ce ciwo ɗaya ƙwayoyi ne miliyoyi. In aka ba su magani kaɗan, ko mai rauni, ko wanda bai dace ba, ragwayen su mutu, masu taurin kan su tsira su gaje filin. Wasunsu cikin minti 20 ɗaya ta zama biyu, kuma suna miƙa wa junansu dabarar da suka koya. Ɗan adaidaita ne ya fara ganewa. "Wato kamar mu da 'yan KAROTA masu kula da hanya. An kama ka sau ɗaya a kwana, gobe ka san lungun da za ka bi, ka kuma gaya wa na bayanka." Yaron ya ce ko a aji ba a yi masa bayanin da ya kai wannan ba. Ya ƙara da cewa mura galibi bairos ke kawo ta, kafso ba ya taɓa ta, sai dai ya horar da ƙwayoyin da ke zaune lafiya a hanjinka. Su kuma ba sa zama a cikinka kai kaɗai: ta hannu, ta kwata, ta ruwan 'yan garuwa, sai ga su a gidan maƙwabcin da bai taɓa shan komai ba.

Wannan ba tatsuniyar ɗan boko ba ce. Shi kansa Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya ja kunnen duniya a kan shan abin da bai kai ƙima ba lokacin da ya karɓi kyautar Nobel a 1945. A Janairun 2022 mujallar likitoci ta Lancet ta fitar da bincike kan ƙasashe da yankuna 204, aka samu cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani. Adadin ya fi na ƙanjamau, ya fi na maleriya a shekarar. Da aka auna da yawan jama'a, yankin da abin ya fi ci shi ne namu, Afirka ta Yamma, kusan mutum 27 cikin kowane 100,000. Tela ya ce shi bai taɓa jin an ce wane ya rasu da wannan cuta ba. Ai ba za a ce ba. Sai dai ka ji "an yi ta allura ba ta ci ba, kwana ya ƙare."

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne batun taifot, domin mu a nan duk wanda ya je awo da ita yake dawowa, kamar ana raba ta a ƙofa. Awon da aka fi yi mana sunansa Widal, wani likitan Faransa ne ya ƙirƙiro shi tun 1896. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, sawun faɗan da jiki ya taɓa yi da ita ko da danginta yake gani. Wanda ya girma yana shan ruwan garin nan da wuya a rasa wannan sawu a jininsa, maleriya ma kan sa awon ya nuna. Na gaskiyar shi ne a ɗebi jini a raini ƙwayar har ta tsiro, a gwada wane magani ke kashe ta, shi kuma yana cin kwanaki da kuɗi. To wa zai rufe rumfa a Kwari ko Singa ya yi wannan zirga-zirga? A nan fa ba na ganin laifinmu duka. Mai cin yau da gumin yau, in ka ce masa kati, layi, awo, dawo jibi, ka riga ka tura shi kemis. Amma kuɗin da muke gudun kashewa yana nan yana jiranmu a gaba. A Haidarabad ta Pakistan, a 2016, wata taifot ta ɓulla wadda ta ƙi jin kusan duk magungunan da aka saba ba ta, dubban mutane suka kamu.

Ga kuma darasin da muka gani da idonmu. Duk wanda ya haura arba'in ya tuna kulorokwin, da ɗacinsa da ƙaiƙayin da ke hana barci. Ya yi zamaninsa, cutar ta gane shi, Najeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko a 2005. Wanda ya gaje shi, irin su Coartem, asalinsa daga wani ganye ne ɗan'uwan tazargade, wanda wata 'yar Sin mai suna Tu Youyou ta tace, ta kuma ci Nobel a kansa a 2015. Da Baba ya ji haka sai ya gyara hula. "Ka ji ko? Tun kakanninmu muke turara tazargade, sai yanzu Bature ya farga." An gaya masa ba Baturiya ba ce, ya ce duk ɗaya. Abin da bai so ji ba shi ne a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya masu bincike sun riga sun ga cutar ta fara jinkirin mutuwa a gaban wannan maganin ma. Mu kuma ƙwaya 24 da aka ce babba ya sha cikin kwana uku, mukan sha takwas mu raba sauran sadaka. Ga ɗan tsinken gwaji da ke nuna akwai maleriya ko babu cikin kamar minti 15, amma in ya ce babu sai mu ce ya lalace.

Abin dariyar, mu da ke haɗiye ƙullin leda marar suna, mu ne kuma muka fi kowa tuhumar allurar rigakafi. Yanzu akwai ta maleriya, R21, wadda Jami'ar Oksfod ta haɗa, kamfanin Serum na Indiya ke sarrafawa. An gwada ta a kan yara a Nanoro ta Burkina Faso da wasu ƙasashen Afirka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Oktoban 2023, Najeriya ta fara yi a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024. Ƙasar da ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na maleriyar duniya ai ita ya kamata ta fi kowa murna.

Baba ya nuna wajen Titin Faransa da bakin sukundireba. "Yaro, asibitin IDH ga shi can, da ƙafa ma ka je. Kana ina a 1996?"

Nan kowa ya yi shiru, domin gaskiya ce. A lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin nan da yara 200, goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Yaron bai musa ba. Ya dai ce, "Baba, kuna da hujjar tambaya. Amma ɗigon da aka ƙi ɗin nan shi ya sa a Agustan 2020 aka ce Afirka ta rabu da shan inna ta asali. Ni so nake tambayar da kuke wa mai rigakafi, wa ya yi, ina takarda, ku yi wa mai faranti rabinta." Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe irin namu jabu ne ko maras inganci.

Tela, da yake matarsa ta haihu kwanan nan, ya matso da benci ya ce ita allurar maleriyar sau nawa ake yi. Aka ce sau huɗu: wata biyar, wata shida, wata bakwai, sai ta ƙarshe a wata goma sha biyar.

"Huɗu? Malam, ba ragi?"

"Yaya, ba ɗinki ba ne."

"To a yi masa biyu, in ya ji sauƙi a bar wa ƙaninsa sauran."