Tafkin Mushe

A Tanut, idan mutum ya ce zai zuba ruwa a rami da gangan, ya bar shi a buɗe rana na dukansa, dangi sai su fara shawarar wane malami za a kai shi. Yankinmu na Damargu ƙasar gero ce tun zamanin da ayarin Abzinawa ke saukowa Jajiduna awo, amma ba ƙasar ruwa ba ce. A ƙauyukanmu sai an ɗaura wa jaki igiya ya yi ta tafiya har ya kusa ɓacewa kafin guga ya leƙo bakin rijiya. A nan ni kuma na tashi gina tafkin kifin ado a tsakar gida.

A waya na ga jajayen kifayen nan, waɗanda mutanen Sin suka fara kiwo fiye da shekara 1000 da suka wuce, suna shawagi, ɗan famfo mai aiki da rana na fesa musu ruwa. Na ce rana dai mu ke da ita. Na tafi kasuwar Dole a Damagaram na sayo pano da famfon da tiyo da batir. Batir ɗin bai kwana a hannuna ba, uwargida ta kama shi, wai wayarta da fanka sun fi kifi haƙƙi.

Magini ya gama shafa siminti ya ce, "Mushe, na jiƙa tubali ne?" Na ce na kifi ne. Ya ce, "Tarwaɗa?" Na ce a'a, na kallo. Ya daɗe yana dubana, sannan ya nemi in biya shi kuɗinsa duka a take.

Wani direba ne ya kawo kifayen daga Kano cikin leda mai iska, ta Daura da Matamai, ga kuma kilomita wajen 150 daga Damagaram zuwa Tanut. Sun iso a galabaice, amma da rai. Yaran unguwa suka cika gidan. Inna ta dogara sanda ta leƙa ta ce, "Wata nawa za su yi kafin su isa suya?" Da na yi mata bayani sai ta ce Allah ya kyauta, da irin muryar da ake faɗa a gidan mara lafiya.

Wanda ya fahimce ni tun farko shi ne ɗan ga-ruwa. Iskar hunturu na shan tafkin nan dare da rana, kowace safiya sai ka ga farin zobe a jikin siminti inda ruwan jiya ya tsaya. Shi kuma ga shi a ƙofa da amalankensa da bido-bido tun ban aika ba. Da Mushe yake ce mini, kafin wata ya ƙare na koma Alhaji. Ga hazo kuma: ƙura na kwanciya a kan pano sai famfo ya kama tari, ya tofa, ya yi shiru. Na shiga goge shi da kallabin uwargida har ranar da ta gane.

Da bazara ta shigo aka fara yaƙin gaske. Ruwa in ya yi zafi ba ya riƙe iska sosai, famfo kuwa rana na faɗuwa yake tashi daga aiki, don haka gab da asuba sai kifayen su taso sama suna buɗe baki. Dole na riƙa tsugunawa cikin duhu da ƙwarya, ina ɗiba ina kwararawa, ina lallashinsu. Masu tafiya masallaci suna hango ni ta saman danga. Ba a jima ba magana ta zaga gari cewa Mushe ya ajiye mutanen ruwa yana yi musu hidima. Wata tsohuwa har zakara ta kawo mini, wai in roƙa wa jikanta cin jarrabawa.

Sai surukina ya zo daga Balbeji. Tun da aka yanke musu gundumarsu daga Tanut a 2011 ba ya zuwa sai da ƙasaita, wannan karon a kan raƙumi. Muna cikin gaisuwa na ji wani sauti a bayana. Raƙumin ne ya zuro wuya ta kan danga. Dabbar da ke iya zuƙe lita 100 a tsayuwa ɗaya, mene ne tafkina a wurinta? Ina ji ina gani, ga kunyar suruki, ga kuma Damargu inda ba a hana baƙo ruwa. Surukin ya ce, "Madalla da wannan kwami, yaro. Ka yi tunani." Na ce, "Ba komai, Baba." Kafin in kwashe kifayen cikin roba balbela ta sauko ta ɗauki rabonta.

Kawu ne ya kawo maganin ƙarshe. Ya ce kifayen kaɗaici ke damun su, ya samo ƴar tarwaɗa ya jefa musu. Ita tarwaɗa ba ruwanta da famfo, tana shaƙar iska daga sama in ruwa ya ɓaci. Ta yi ta ƙiba, abokan zamanta na raguwa ɗaya bayan ɗaya. Da ta rage ita kaɗai, Inna ta sa aka yi farfesunta, ta ce yanzu ta ga amfanin boko.

Washegari ɗan ga-ruwa ya yi sallama, ya tsuguna ya yi mini ta'aziyya sosai, har da addu'a. Ya dubi ramin, ya auna shi da ido, ya gyara murya.

"Alhaji," in ji shi, "ka taɓa tunanin noman shinkafa?"