Manet Ɗaya, Baki Goma

Masu ƙera wasannin bidiyo a Faransa da Amurka sun daɗe suna gardama a kan abu guda: zaɓin da mai wasa ya yi ya kamata ya juya labari, ko kuwa a bar labari ya bi turbar da marubuci ya shata masa? Duk gardamar tasu sun gina ta ne a kan mutum ɗaya da ke zaune a ɗakinsa, ƙofa a rufe. A Gure ba a san wannan mutumin ba. A shagon Play ko a fadar samari ƙwallo da GTA ne ke cin kasuwa, amma ranar da aka sa wasan labari, manet ɗaya ce baki goma, ana ta yanke hukunci da Hausa da Barbarci da Tubanci a kan rubutun Faransanci da ke gudu a gindin tele. Ni ina bayan masu cewa zaɓi ya canza labari, bisa sharaɗi ɗaya: ya kasance in an yi shi, an yi ke nan. Hujjata kuwa tana zaune a kan benci, sai dai in nuna muku ita ɗaya bayan ɗaya.

Sarkin Sauri ba ya buƙatar dogon bayani. Mintocin da ya biya suna tafiya, don haka duk wanda ya buɗe baki a cikin wasan sai ya tsallake shi, ya danna amsar da ta fi kusa da yatsansa, bayan awa guda kuma ya miƙe yana cewa labarin ba kai ba gindi. Ɗan Gwaji shi kuma, in aka ba shi zaɓi tsakanin gaisuwa da mari, marin zai ɗauka, “don in ga abin da zai faru”. Sai mu ƴan Na-Allah, waɗanda ko ɓarawon cikin wasa ba ma iya yi wa tsawa. Detroit: Become Human, wanda kamfanin Quantic Dream na Paris ya fitar a 2018, yakan nuna taswirar hanyoyi a ƙarshen kowane babi, tare da kason ƴan wasan duniya da suka bi inda ka bi. Mukan ƙura wa wannan lissafi ido don mu tabbata jama'a suna tare da mu, in kuwa muka ga mun faɗa cikin ƴan tsiraru sai shayin ya daina daɗi.

Amma gwanin gwanaye shi ne Alhaji A-Sake. Babu wanda ya kai shi ɗaga murya wajen kare ƴancin zaɓi. A wurinsa wasan da ba a zaɓi a ciki fim ne kawai da aka ɗora wa tsada. To amma ku dube shi idan aka zo mararraba. Zai gyara zama, ya goge tafin hannu a gwiwa, ya adana wasan sau biyu don gudun tsautsayi, sannan ya juyo ya tambayi kowa, har yaron da ke fifita gawayi. Ya zaɓa. Da zarar wani a cikin tele ya ɗaure fuska, sai ka ji, “A'a, ba haka na so ba, yatsana ne ya zame.” A koma baya. A sha shayi na farko, a sha na biyu, a wanke kofuna bayan na uku, jarumin yana nan tsaye a bakin ƙofar da aka same shi. A GTA V, inda jarumi Franklin ke da hanya uku a ƙarshe, ya kashe abokinsa Michael, ko ya kashe abokinsa Trevor, ko ya yi kasadar ceton kowa, Alhaji ya bi dukkansu a zama ɗaya, kuma har gobe in ka tambaye shi wacce ya zaɓa, sai ya ce shi ai da kowa ya rabu lafiya. Wasan Until Dawn na 2015 an gina shi ne don irinsa: matasa takwas, kowannensu na iya mutuwa, na'urar kuma tana adanawa da kanta ba ta jiran izini. Nan ne Alhaji ya gano dabarar miƙa ƙafa wajen soket. Tele ta mutu, ya tafa hannu, “Kai, kuran ɗin nan!”, alhali fanka na juyawa a samansa. Ko a dara, wanda ya ajiye ɗa ya nemi ɗagawa, tsofaffin gindin bishiya watsar masa da wasan suke yi. Abin da Alhaji ke so shi ne a ba shi hanyoyi ɗari waɗanda ba ɗayar da za ta ci masa komai, kuma da irin wannan buƙata ce ake samun wasanni masu tulin ƙarshe da ba wanda ke tuna ko ɗaya. David Cage na Quantic Dream ya taɓa cewa ya fi son a buga wasansu Heavy Rain sau ɗaya tak. Da ya san Alhaji, da bai ɓata bakinsa ba.

Daga ƙarshen benci Malam Fim, hannu harɗe a ƙirji, zai ce duk wannan wahalar banza ce: ga The Last of Us na 2013, ba a tambayi kowa ba kafin jaruminsa Joel ya yi abin da ya yi, kuma ba a fasa yabonsa ba. Gaskiyarsa. Sai dai wancan wasa bai yi wa kowa alkawarin zaɓi ba, saboda haka bai karya komai ba. Inda rigima take shi ne a yi alkawari a saɓa. Mutane sun bi Mass Effect tun 2007, wasa uku suna ɗauke da hukunce-hukuncensu daga wannan zuwa wancan, sai a 2012 suka iske ƙarshen ya fi bambanta a launin fashewa, ja ko shuɗi ko kore. Hayaniyar ta kai BioWare, kamfanin da ya ƙera wasan, ya ƙaro bayanin ƙarshe kyauta a watan Yuni na shekarar. Mai Tonon Silili kuma zai kawo nasa: kowane reshe kuɗi ne, masu murya da masu zane za a biya a kan abin da akasarin ƴan wasa ba za su gani ba, shi ya sa kamfanoni ke yaudara. Misalinsa kullum The Walking Dead na Telltale: ka ceci Carley ko ka ceci Doug, wanda ka ceta ɗin ma a kashi na uku za a harbe shi. Haka ne. Amma tsakanin nan da can ka yi tafiya da wanda ka zaɓa, kana sane da wanda ka bari, kuma wannan nauyin ba marubuci ne ya ɗauka ba, kai ne. Arthur Morgan na Red Dead Redemption 2 mutuwa yake yi ko ka yi kirki ko ka yi tsiya, sai dai yadda yake mutuwa da yadda ake gaishe shi a hanya suna bin halin da ka ba shi. Ashe ba lallai ne ƙarshe ya rabu gida ashirin ba. Zaɓi biyu ko uku masu cizo sun isa.

Dukkan waɗannan ana iya zama da su, har a yi kewarsu ranar da ba su zo ba. Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne Mai Tona Ƙarshe. Bai taɓa biyan minti ɗaya ba. Ya ƙona datarsa a YouTube ya kalli kowace hanya, sai ya zo ya tsaya bayan yaron da ya tara ƴan canjinsa kwana da kwanaki, ya sunkuyo daidai kunnensa: “Ƙanena, kada ka danna wannan, yarinyar mutuwa za ta yi. Danna na ƙasa.” Yaro ya kalli tele, ya kalli babba, ya ce “To, Yaya,” ya danna na ƙasa. Mutane sun yi shekaru suna gina wannan daƙiƙa guda da zuciyar yaron za ta buga ya rasa abin yi, wannan ƙato ya mayar da ita shifta. Alhaji A-Sake kansa yake cuta; wannan kuwa kuɗin yaro ya ci ba tare da ya sa hannu a aljihunsa ba, kuma jira yake a gode masa. Mai shago da ya san ciwon kansa benci na waje ya kamata ya nuna masa. Wanda kuma yake shirin tuna mini cewa a sakin layin da ya wuce na faɗi makomar Arthur da ta Carley da ta Doug, ya sani waɗannan tsofaffin wasanni ne, kuma ni a rubuce na yi.